Gas ɗin Saminaka Ba Shi da Laifi: Yadda Muka Gano Ciwon Tsohuwar 911 ta Kawuna

Motar Kawuna Mercedes ce mai gajeren hanci, irin wadda kowa ke kira 911, bodinta na katako. Ta girme ni. Tun da na yi wayo aikinta ɗaya ne: ta tashi daga Kano fanko ko da ɗan taki, ta bi ta Kwanar Dangora da Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore, ta wuce Doguwa zuwa Saminaka, ta ɗauko masara ta kawo Dawanau. Da ita aka aurar da 'yan matan gidanmu, da ita aka biya mini kuɗin makaranta. Shi ya sa da ta kama ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a kakar bara, Kawu ya aiko aka kira ni, ya ce tunda ni ne na yi boko in zo in zauna a kan maganar. Ni ba makanike ba ne, abin da na iya shi ne karatu da tambaya.

Ga yadda ciwon yake. A tafiya, motar lafiya ƙalau. Sai an yi lodi a Saminaka, direba ya shiga gidan mai ya cika tanki har baki, an kamo hanyar gida. Bayan kamar awa ɗaya da rabi, yawanci an shiga Falgore ke nan, sai a zo wani hawa ƙarfinta ya fara zubewa. Direba ya taka totur har ƙasa, ba ta amsawa. Ƙarar injin ta riƙa hawa tana sauka kamar mai shessheƙa, can ta mutu. Yaron mota ya diro da waigi ya cusa a bayan taya. Direba ya fito ya buɗe tanki ya zura kara, ya ga mai danƙam. Ya ɗaga bonet, ya sassauta ƙaramin notin da ke kan filta, ya yi ta danna famfon hannu, kumfa tana fita, har gas tsantsa ya biyo baya. Ya ɗaure, ya koma ya yi ki, ta tashi kamar ba ita ba. Wata rana ta sake yi wajen Tudun Wada, wata rana kuma har Dawanau ba ta ƙara tari ba.

Akwai kuma wani ƙaramin ciwo da ya riga wannan zuwa: in ta kwana, da safe ba ta tashi sai an danna famfon hannu. Wannan an daɗe da yi masa uzurin tsufa, ba wanda ya haɗa shi da na hanya.

Wanda bai san Falgore ba zai ɗauka maganar ɓata lokaci ce kawai. Daji ne da ba a son magariba ta riski mutum tsaye a cikinsa, balle da lodin masarar mutane. Karo na huɗu da ta yi haka, direban ya zo ya durƙusa gaban Kawu ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ina da iyali. Sai an gyara zan koma."

Kowa ya ɗora laifin a kan man Saminaka, domin dai bayan an sha mai a can ne take mutuwa. Aka sauya gidan mai, ba ta sauya zani ba. Aka sayi gas a Kano aka tafi da shi a jarkoki, aka ɗura mata a can bayan lodi, ta sake mutuwa a wuri ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya wanke man, amma sai aka ce ai dattin man baya ne ya zauna a ciki. Aka sauya filta biyu. Daga nan aka ce nozul ne, masu fesa gas cikin injin, aka sayo shida sababbi aka ɗaura. Da hakan bai yi ba, aka kwance famfon injekta, wanda ke tura wa nozul mai, ɗungurungum aka kai wa masu saiti. Mai saitin ya ɗora shi a kan injin gwaji ya ce famfon bai lalace ba, ya sauya roba ɗaya biyu ya dawo da shi. Da aka mayar, sai sabon ciwo ya hau kan tsoho: farin hayaƙi mai yaji a ido, wuyar tashi ko da rana, ƙarfi kuma ya ragu har tana fanko. A nan ne aka fara yi wa Kawu maganar ko a sauke injin a sa ringi, ko a nemo ɗan Beljiyam. An bar jaki ana ta dukan taiki, kuma kowane duka da kuɗinsa.

Abin da ya fi damuna da na zauna na ji labarin daga bakin direba shi ne maganar hayaƙi. Na tambaye shi, "Yaya, lokacin da take mutuwa a hawa, kafin a taɓa famfon nan, wane irin hayaƙi take yi?" Ya ce babu. Salansa fes. Wani tsohon makanike da Kawu ya daɗe da sani, wanda duk muke kira Baba, yana jin haka ya ɗago kai. Ya ce injin gas in ya rasa ƙarfi yana baƙin hayaƙi, to mai yana zuwa, iska ce ta yi masa kaɗan ko nozul ba ya feshi da kyau. In yana shuɗin hayaƙi, baƙin mai yake ci, a duba ringi. In kuwa ya rasa ƙarfi babu hayaƙi sam, yunwa ce, man ne ba ya isowa. Ya ce, "Ɗana, da an yi mini wannan bayanin tun farko, da ban bari an sayi nozul ko ɗaya ba." Ba a kai masa motar da wuri ba saboda garejinsa ya yi nisa, kuma ana ganin ya tsufa.

Neman littafin injin

Baba ya san motar nan da hannu da kunne, amma tayamin ɗin famfo, wato lokacin da zai fara tura mai, da gibin bawul yana so a tabbatar masa da lamba, domin ya ce injinan sun yi kama amma ba ɗaya ba ne. Ni kuma aikina ke nan. Daren farko na ɓata shi a banza. Duk wanda ya rubuta 911 a intanet, ko dai a kawo masa ƙaramar motar tsere ta Porsche, ko labarin harin 11 ga Satumba a Amurka. Ko an samu hoton irin tamu, bayanin gyara babu.

Sai daga baya na fahimci cewa 911 ba sunan inji ba ne. Tsarin lamba ne da kamfanin ya fara amfani da shi a 1963: lamba ɗaya ko biyu na farko nauyin motar da kayanta gaba ɗaya a tan, biyun ƙarshe kuma ƙarfin injin in an ƙara sifili. Wato 911 tan 9 ce mai ƙarfin doki wajen 110, 1113 kuma tan 11 mai wajen 130. (A nan ma akwai abin dubawa. Buhu 100 na masara mai kilo 100 tan 10 ne, ya riga ya wuce nauyin da aka yanka wa motar da kanta da kayanta. Haka ake loda su, kuma haka suke ɗauka, amma birki da sifirin su ne ke biyan bashin.) Irin wannan gajeren hancin ya fara fitowa a Jamus a 1959, kuma a Najeriya kamfanin ANAMMCO da ke Emene a Enugu, wanda aka kafa a 1977 tsakanin gwamnatin tarayya da Daimler-Benz, ya harhaɗa manyan motocin Mercedes, a zamanin da Steyr ke Bauchi, Fiat ke Kano, Leyland ke Ibadan. Mota mai shekaru irin haka ta ratsa hannaye da yawa, ba lallai injin da ke cikinta yau ya zama wanda ta fito da shi ba. Takardar mota ba za ta gaya maka wannan ba. Jikin injin ne zai gaya maka.

Washegari na je da tsumma da kananzir da tsohon buroshin haƙori. Na kwanta a gefen injin ina gogewa har wani ɗan faranti na ƙarfe ya bayyana a ƙarƙashin dattin shekaru, lambarsa ta fara da 352. Na goge na jikin famfon injekta, shi ma ga rubutun Bosch: PES 6A da sauran lambobi. Na ɗauki hoton kowanne da waya. Daga wannan ranar neman ya zama mai sauƙi, domin injin sunansa OM 352: silinda shida a jere, lita 5.7, ya fito a 1964, kuma an zuba shi a abubuwa da yawa ban da motar kaya. Yana cikin Unimog, motar Mercedes mai shiga daji da gona, yana cikin taraktocin MB-trac, yana cikin janareto da injinan girbi. An ƙera shi a Brazil, inda L 1113 ta cika hanyoyi, an kuma ƙera irinsa a Tabriz ta ƙasar Iran. Saboda haka littattafansa suna nan, sai dai yawancinsu da Jamusanci ne ko harshen Fotugal.

Na Turancin da ya fi yi mini amfani daga inda ban zata ba ya fito. A shekarun 1980 sojojin Amurka sun sayi wata motar haƙa rami da suke kira SEE, wadda aka gina a kan Unimog, kuma injinta OM 352 ne. Littattafan gyaranta a buɗe suke ga kowa, da zane dalla-dalla, da jadawalin da ke cewa in ka ga alama kaza, duba kaza kafin kaza. An rubuta su ne don sojan da ba gwani ba, shi ya sa ba sa tsallake mataki. Na sauke su, na zaɓi shafukan inji da na hanyar mai, na kai shagon kwamfuta aka buga mini, na sa a leda.

Sai dai a yi hattara da irin wannan aron. Tankin motar sojan, da wayoyinta, da birkinta, duk ba irin namu ba ne. Ko a injin ma, digirin da famfo ke fara tura mai ya bambanta daga wani samfurin OM 352 zuwa wani, mai turbo (abin da ke ƙara tura wa inji iska) da marar turbo ba ɗaya ba. Abin da na ɗauka daga littafin shi ne hanyar yin aikin da jerin bincike. Lambar kuwa sai wadda ke jikin injinmu.

Gyaran ɓarnar da gyara ya jawo

Baba ya ce a fara da warware abin da aka ɗaura, domin ba a neman tsohon ciwo alhali sabo yana rufe shi. Ya buɗe murfin bawul, ya sa aka juya injin da hannu har bawul biyu na silinda ta shida suka zo suna musayar motsi. Jerin tashin wutar injin 1-5-3-6-2-4 ne, don haka in ta shida tana haka, ta ɗaya tana ƙarshen matsa iska. A jikin fulin gaba akwai alamomi biyu da tsatsa ta kusa cinyewa, OT da FB. Da na duba na gane gajerun kalmomin Jamusanci ne: OT ƙololuwar hawan fistin, FB kuma daidai inda famfo zai fara tura mai, wanda ke zuwa kafin fistin ya kai ƙololuwa. Baba ya cire ɗan bawul ɗin da ke kan famfo na lamba ɗaya, ya ɗaura wani lanƙwasasshen guntun fayif da yake ajiye da shi a gwangwani, ya sa yaro yana danna famfon hannu, gas yana zuba ta bakin fayif ɗin. Ana juya injin sannu sannu. Inda zubar ta koma ɗigo, nan ne farkon turawa, kuma a nan ya kamata alamar FB ta tsaya a kan tsinke. Tamu ta wuce da nisa. Wanda ya mayar da famfon ya bi wata alamar kurfi da wani ya taɓa bugawa shekarun baya, ya sa shi da kuskuren haƙori ɗaya. Mai yana shiga a makare, bai gama ƙonewa ba ya fita, farin hayaƙin ke nan. Aka zare famfon aka mayar daidai.

Tunda murfi a buɗe yake, aka auna gibin bawul. Na OM 352 a sanyi milimita 0.20 ne na shigar iska, 0.30 na fitar hayaƙi. Namu an ba su kusan ninki biyu, kuma Baba ya ce ya san dalili: ƙaninsa OM 366, wanda ya gaje shi a shekarun 1980 kuma ya fi yawa a gareji yanzu, 0.40 da 0.60 yake ɗauka, hannun yara ya saba da shi.

Sai nozul. Na roƙi a nemo tsofaffin, aka same su a cikin wani gwangwanin madara a garejin farko, Allah ya sa ba a sayar wa 'yan gwangwan ba. A jikin kowane nozul akwai rubutu da ya fara da DLLA, lambar da ke biye kuma faɗin kusurwar feshinsa ce. Tsofaffin 150, sababbin 142. A ido ba ka raba su, kuma sun zauna daram a mazauninsu, amma ramin da ke kan fistin an yi shi ne daidai da feshin da aka tsara masa. Aka gwada tsofaffin a famfon gwaji, dukkansu suna feshi da ƙara mai kyau, ba ɗigo. Aka mayar da su da sababbin washa. Baba ya ja kunnen direba cewa a wannan injin nozul da bututun da ke kwashe rarar mai suna ƙarƙashin murfin bawul ne, in an bar yoyo a nan gas zai gangara cikin baƙin mai ba tare da an gani ba, don haka ya riƙa duba sandar mai kwana biyu, in ya ga yana ƙaruwa ko yana warin gas ya tsaya.

Motar ta dawo yadda take kafin a taɓa ta. Yanzu saura ainihin ciwon.

Bin mai daga tanki

Hanyar man ba ta da wuyar fahimta in an zana ta. Daga tanki ƙaramin famfo da ke manne a jikin famfon injekta yana tsotso mai, ya bi ta wani ɗan kofin gilashi mai rariya, sannan ya tura shi cikin filta, ya shiga babban famfo, rarar ta koma tanki. Daga ƙaramin famfo zuwa gaba turawa ake yi, in akwai ɓula mai zai fito ka gani. Daga tanki zuwa ƙaramin famfo kuwa tsotsa ake yi, in akwai ɓula iska ce za ta shiga, waje ya zauna a bushe, ido ba ya gani. Duk masu duba motar a baya yoyo suke nema, ba su ga jiƙa ba suka wuce.

Muka sayi tiyo mai haske, irin na ma'aunin magina, muka sa guntu a bayan ƙaramin famfo. Aka tayar da injin a sulo. Ga ƙananan kumfa suna bin juna kamar tururuwa. Baba ya shafa giris a bakin kofin gilashin, kumfar ta ragu. Ya shafa a wuyan famfon hannu, ta ɗauke. Robar kofin ta bushe ta zama kamar ƙashi, famfon hannun kuma irin na dā ne mai murɗawa, ya gaji. Ta nan iska ke shiga da dare mai ya koma tanki, dalilin wuyar tashin safe ke nan. Muka toshe na wucin gadi, muka yi murna, muka ce an gama.

Na ce zan bi su tafiyar gwaji, kuma na gode Allah da na bi. Muka yi lodi, aka cika tanki, muka kamo hanya. Muna cikin Falgore wajen la'asar, a wani hawa mai tsawo, na ji ƙarar injin ta fara rawa. Direba bai ce komai ba, sai salati. Ta mutu. Na diro tare da shi, na bi shi zuwa tanki domin in ga duk abin da yake yi da idona. Ya sa ɗan makulli, ya kama murfin da hannu biyu yana murɗawa da ƙyar, da ya saki sai na ji wani dogon "fuuu", kuma gefen tankin ya yi ƙaramar ƙara kamar an saki gwangwanin da aka matse. Na ce, "Yaya, kullum haka yake yi?" Ya ce kullum, ai zafin mai ne. Na sa tafin hannuna kusa da bakin, na ce ya mayar ya sake buɗewa, babu sauran ƙara. A cikin shafukan da ke ledata, a jerin dalilan rashin isowar mai, akwai layi guda da na karanta sau da yawa ban tsaya a kansa ba: toshewar hanyar numfashin tanki.

Na juya murfin. Ba nata ba ne. Na asalin ya ɓata da damina, direba ya sayi mai makulli saboda masu zuƙe mai da dare. Da ya ga bai kama sosai ba, mai yana fantsama a gargada kuma ruwan sama na iya shiga, sai ya yanko robar tsohon tib ninki biyu ya shimfiɗa a ciki. Ya rufe ruf. Kishin motar ne ya sa shi, kuma ban ga laifinsa ba, domin ba wanda ya taɓa gaya masa cewa tanki yana shaƙar iska. Duk litar da injin ya ƙona, dole iska ta shiga ta maye gurbinta. In ba ta samu hanya ba, tankin yana riƙe man, ƙaramin famfo yana ja, har ƙarfin riƙon ya fi ƙarfin jan.

A tsaye a bakin hanyar nan duk abin da ya ɗaure mana kai ya warware. In tanki ya cika har baki, iskar da ke samansa kaɗan ce, lita kaɗan za a ƙona riƙon ya yi tsanani. Da lodi a kan hawa kuma injin ya fi kowane lokaci neman mai. A tafiya kuwa tanki rabi ne, iska da yawa a ciki, mota fanko ba ta shan mai sosai, shi ya sa ba ta taɓa yi ba. Abin da ke tayar da ita kuma ba hutawa ba ce, ba ma danna famfon hannu kaɗai ba: buɗe tankin da direba ke yi don ya zura kara shi ne maganin, bai sani ba. Bayan nan mai ya riga ya sauka, sarari ya ƙaru, sai ta daɗe kafin ta sake. Muka cire robar, muka ɗaura murfin sako-sako da tsumma, muka fitar da iska. Har Dawanau ba ta yi ko tari ba.

Baba bai yarda da tafiya ɗaya ba. Ya ce gani ya kori ji, a mayar da ciwon da gangan a gani. Bayan kwana biyu muka cika tanki, muka mayar da robar, muka sa tiyo mai haske a ɓangaren tsotsa, muka ɗauki lodin taki muka bi hanyar Wudil da rana tsaka inda ko ta mutu babu fargaba. Da ƙarfinta ya fara sauka muka tsaya injin yana aiki, muka ɗaga bonet: tiyon ya shafe kamar an taka shi. Yaron mota ya murɗe murfin tanki, tiyon ya cika ya koma zagaye a gabanmu, ƙarar injin ta daidaita. Baba ya ƙara da cewa akwai gwajin da ya fi wannan sauƙi da ya kamata a yi tun ranar farko: a ɗaure jarka a bayan kai, a zura tiyon tsotsa da na komawa duka a cikinta, a hau hawan. In ta hau lafiya, an san daga ƙaramin famfo zuwa gaba ba abin da ya same shi.

Kayan gyara

Abin da muke buƙata a ƙarshe bai cika aljihun riga ba: murfin tanki mai numfashi, robar kofin gilashi, famfon hannu, da washa na jan ƙarfe. Amma samun na kirki ya ɗauke ni kwana uku a kasuwar Ƙofar Ruwa. Na koyi cewa in ka ce "na 911" za a miƙo maka duk abin da ya yi kama. In ka zo da tsohon a hannu da lamba a takarda, maganar ta sauya, mai shago ya san ba a yi maka dungu. Lambar kayan Mercedes tana da tsari: harafin A da lambobi goma, ukun farko sukan nuna dangin injin ko motar da aka fara yi wa kayan, kamar 352, na tsakiya kuma rukunin da yake ciki, 07 na famfo da nozul, 47 na tanki. Na Bosch ma goma ne, kuma wanda ya fara da 0 cikakken kaya ne, wanda ya fara da 1 ko 2 ɗan ciki ne. Ƙaramin famfo da abin da ke jikinsa da lambar Bosch ake nemansu, domin irinsu yana jikin wasu manyan motocin da ba Mercedes ba, mai shagon da ya ce ba shi da na 911 sau da yawa yana da shi a wani kwali da wani suna.

Famfon hannun farko da na saya a wani shago kwalinsa ya yi kyau, amma da aka ɗaura kumfa ta dawo. Baba ya auna shi a tafin hannu ya ce ya yi sauƙi da yawa, jabu ne. Na biyun na same shi wajen wani dattijo mai sayar da kayan famfo zalla, irin sabon samfurin da ake dannawa ba a murɗawa, kuma shi ya ba ni robar kofin. Murfin tanki kuwa sabo bai samu ba. Mun yi waya Panteka a Kaduna, wani ya yi alkawarin tambaya a Ladipo ta Legas da Nkpor kusa da Onitsha, sai ga shi mun same shi a bayan kasuwar, a jikin wata matacciyar 1113 da ake yankawa. Na sa baki na hura ta ɗan ramin da ke ƙarƙashinsa, iska ta wuce, na biya. Maganar ɓarayin mai kuma maƙeri ya warware ta da ɗan ƙarfe mai maratayi da ke haye murfin a sa kwaɗo, bai taɓa ramin ba. Washa na jan ƙarfe na sayi cikin hannu guda, saboda tsohon da aka riga aka matse ya taurare, in an mayar da shi ba ya kamawa, kuma yawancin iskar da ke shiga irin waɗannan motoci ta nan take bi.

Tunda an zo nan, muka sauke tankin aka wanke. An samu laka da ɗan ruwa a ƙasa da guntun leda, amma rariyar bututun ba ta toshe ba.

Motar ta yi sauran kakar tana zuwa Saminaka tana dawowa, direban ya koma bakin aikinsa, da safe kuma ki ɗaya take tashi. Nozul shidan nan na 142 suna cikin kwalinsu a ɗakin Kawu, mai shagon ya ƙi karɓa tunda an ɗaura su. Shafukan da na buga suna bayan kujerar direba a ledarsu, tare da wani littafin makaranta mai layi inda na rubuta lambar injin, da ta famfo, da ta nozul, da gibin bawul, da ranar da aka sauya kowane abu. Baba ya ce kafin kaka mai zuwa a kawo masa ita ya buɗe birkin baya, domin ya ji tana jan gefe guda ranar da muka dawo daga Wudil, kuma na wannan ɓangaren har yanzu ina neman littafinsa, lambar shasin ce na fara gogewa.